Libarbar Halaf Mai Aski

A garin Karak da wuya ka sami mai furfurar da bai taɓa miƙa wa Halaf maƙogwaronsa ba. Shagon askinsa yana kan gangaren da ya sauko daga tsohuwar ganuwa zuwa kasuwa, jikin rumfar mahauci, kujera ɗaya da madubi mai tabo a gefe. Abu Nayif ake ce masa, da sunan babban ɗansa da ya tafi Aƙaba aikin tashar jiragen ruwa, ya koyi cin kifi, ya manta hanyar gida. Halaf gajere ne kakkaura, gashin bakinsa ya fi na kowa shan gyara a layin, bakinsa kuma ba ya hutawa. In ka zauna a kujerarsa, kafin ya gama maka gefe ɗaya ka ji wanda ya sayar da gona da wanda matarsa ta yi yaji.

Abin da ya fi so a duniya bayan 'ya'yansa, wasu ma sun ce kafin su, shi ne ƙananan bindigogi na da, masu gangar harsashi shida da ke juyawa, waɗanda ake kira libarba. Biyar gare shi, kowace da lasisinta. Akwai ta Ingila mai karyewa a tsakiya in za a ɗura ta, wadda ya samu wajen magadan wani tsohon soja. Akwai siririya ta Faransa da ta shigo ta Sham tun zamanin kakanni, harsashinta ma sai an sha wuya ake samu. Akwai gajeru biyu na Amurka. Sai ta biyar, wadda ya raɗa wa suna Wadha. Ƙirar Smith ce, baƙa mai sheƙin shuɗi, mariƙinta katako mai duhu da tafin hannu ya goge har ya yi santsi. Saboda ita ya rabu da motarsa tun yana da sauran baƙin gashi, kuma tun daga lokacin da ƙafa yake hawa gangaren Karak, bai taɓa cewa ya yi da-na-sani ba.

Dukkansu irin waɗanda ba sai ka ɗana su da babban yatsa ba ne. Kunama kawai za ka ja, ita za ta juya ganga, ta ɗana kanta, ta saki. Jan yana da tsawo da nauyi, yawancin mutane kafin su kai ƙarshe hannu ya karkace. Halaf kan ce a nan ake gane maza. "Kamar aski ne," in ji shi. "Ja ɗaya, ba tsayawa, ba fizga. Ka fizga, ka tafi da kunnen bawan Allah."

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ya gangara kwari da maƙwabcinsa Abu Jiryis mahauci. Abu Jiryis Kirista ne, a ƙofar rumfarsa yake jira har a idar da salla, da buhun gwangwanayen kifi a kafaɗa. Su jera su a jikin dutse, Halaf ya ja baya, ya ɗaga Wadha da hannu ɗaya, gwangwanaye su yi ta tsalle ɗaya bayan ɗaya. Abu Jiryis kuwa tsawon zamansu dutsen kawai yake samu, shi ma don girmansa. Amma a gidan biki, inda samari ke ɓarin wuta sama, ba wanda ya taɓa ganin Halaf ya harba ko ɗaya. In an matsa masa sai ya ce, "Wanda ka aika sama can zai zauna? A kan wani zai sauko, kuma ni za a kira in aske wajen ɗinki."

Inda Halaf yake da rauni shi ne son a gani a yaba. Ba baƙon da zai sha gahawa a ɗakinsa ya fita ba a buɗe masa akwatin ba. To, kowa ya san yadda abin yake a wajenmu. Baƙo ya yaba abinka, agogo ne ko carbi ko ɗan akuya, dole ka ce masa, "Naka ne, ɗauka." Shi kuma ya dafa ƙirji ya ce, "Ya fi kyau a hannun mai shi." Ka sake tayi, ya sake ƙi. An fita kunyar juna, kowa ya riƙe abinsa. Halaf ya mayar da wannan sana'arsa ta biyu. Da an ce kai, Wadha akwai kyau, sai ya turo ta kan darduma har gaban gwiwar baƙo, ya ɗaga murya yadda na waje za su ji. "Ɗauka! Me aka yi aka yi ƙarfe? Kai ka fi ta a wajena." Ta haka ya ba rabin garin Wadha, ko ƙusa ɗaya ba ta ragu a jikinta ba, sunansa kuma ya zaga a kan mutum ne mai buɗaɗɗen hannu.

Matarsa Tamam, Ummu Nayif, ita ce kawai ba ta shiga wannan yabo. Takan ce, tana kwashe kofuna, "Sannu da kyauta, Abu Nayif. Yau ma ka bayar? Allah ya ƙara arziki, ga shi har ta dawo akwati kafin baƙon ya sa takalmi."

Ana nan sai ga Fawwaz ya zo. Ɗan Hazza ne, ƙanen Halaf da ya tafi Jamus aikin masana'antar mota tun yana saurayi, ya yi aure can, ya rasu can. Fawwaz ya haura talatin, dogo mai tabarau, likitan haƙori. Larabcinsa na uba ne kawai, yana fita a miƙe ba lanƙwasa. Halaf ya yanka rago biyu, aka yi mansaf, wato shinkafa da naman rago a babban tire, aka tara dangi da maƙwabta. Tun daga gahawa ya kamata ya lura. Fawwaz bai san ana girgiza kofi in an ƙoshi ba, yana miƙawa ana zubawa, yana shanyewa don ladabi, har mai zubawa ya fara duban Halaf. Da aka tsaya kan tire kowa ya naɗe hannun riga, sai ya tambaya a hankali ko akwai cokali. Abu Jiryis ya ƙware da shinkafa.

Halaf bai lura da komai ba. Fuskar ƙanensa yake gani a jikin yaron, zuciyarsa ta cika fal, ba abin da yake so sai ya nuna masa mafi kyawun abin da ya mallaka. Aka wanke hannu, aka zauna, aka kawo akwati.

Fawwaz ya ɗauki Wadha. Abin mamaki, ya juya bakinta ƙasa, ya turo gangar gefe, ya leƙa ya tabbata babu harsashi, sannan ya mayar a hankali. Ashe a can yana zuwa gidan koyon harbi. Halaf ya dubi Abu Jiryis, kallon ka-ga-jininmu.

"Baffa," in ji Fawwaz, "ban taɓa riƙe abu mai kyau irin wannan ba."

"Taka ce, ɗana. Ɗauka!"

Fawwaz ya ɗago ya cire tabarau. "Da gaske, Baffa?"

A gaban maza ashirin me mutum zai ce? "Ni Halaf ina magana biyu? Me aka yi aka yi ƙarfe?"

Ya jira a dafa ƙirji. Ba a dafa ba. Fawwaz ya taso, idonsa ya kawo ruwa, ya sumbaci kan baffansa, ya naɗe Wadha a ƙyallenta na mai, ya ɗora a cinya ya riƙe da hannu biyu. Wani tsoho ya shiga jan carbi da sauri. Abu Jiryis ya miƙe ya ce zai duba ko ya rufe rumfa, aka jiyo shi a bayan gida yana dariya har da tari.

Halaf ya yi murmushin yaƙe. Can dabara ta faɗo masa. "Sai dai kash, ɗana, ba za su bar ka ka hau jirgi da ita ba. Ka bar ta nan in riƙa kula maka da ita."

"Ai na dawo ke nan, Baffa. Na kama shago kusa da tashar mota, zan buɗe wajen aikin haƙori. Ban faɗa ba ne don ina so in yi maka albishir yau."

"Madalla," in ji Halaf. "Kai, madalla."

Da ƙafarsa ya raka shi ofishin 'yan sanda, da hannunsa ya sa hannu aka mayar da lasisi sunan Fawwaz. A hanya mutane suna tare shi suna jinjina masa, wai yanzu an tabbatar Abu Nayif ba baki kawai ba ne. Yana amsawa yana dafa ƙirji.

Abin ya ci shi sosai. Ya yi kewar Wadha kamar yadda ake kewar mutum. Juma'a ya gangara kwari da ta Ingila, ya harba biyu ya ce rana ta yi zafi. A shago ya yi shiru, har masu aski suka fara tambaya ko lafiya, don a Karak ba a taɓa jin ƙarar almakashin Halaf ita kaɗai ba. Ya ce a ba shi abinsa kuwa, wannan ba ta taso ba. Wanda ya karɓe kyauta a garin nan, jikokinsa ma da sunan za a kira su.

Abu Jiryis ne ya kawo shawara, yana kwance a kujera fuska duk kumfa. "Kai dai kanka ya toshe, Abu Nayif. Ta ƙofar da ta fita, ta nan za ta dawo. Je gidansa a matsayin baƙo, ka yaba ta. Dole ya ce taka ce."

Halaf ya tsaya da aska a sama. "Wallahi, duk tsawon zamanmu yau ka fara magana mai amfani."

"To sauke askar tukuna, ka gode min daga baya."

Ya sa sabuwar riga ya tafi. Fawwaz ya yi murna, ya kawo shayi, ya fito da Wadha. Halaf ya juya ta a hannu, ya yi ajiyar zuciya. "Kai, tubarkalla. Duba sheƙi. Duk ƙasar nan babu irinta. Wanda ya mallaki wannan ya more."

"Ai kuwa, Baffa," in ji Fawwaz. "Kullum sai na yi maka addu'a." Ya karɓa ya mayar cikin kabad ya kulle.

Ya sake komawa, ya ƙara wa yabon gishiri, har ya ce da zai mutu yana riƙe da irinta da ya huta. Fawwaz ya ɗauka godiya ce ba ta isa ba, sai ya aiko masa da kwalin kayan zaƙi da turare. Zuwa na gaba a wajen aiki ya same shi. Yana tsakiyar yabo baki buɗe, likita ya ce, "Tsaya, Baffa, ƙara buɗewa." Ya hango wani baƙin haƙori can ciki. Halaf ya dawo gida da auduga a kumatu, babu bindiga, babu haƙori ɗaya.

Tamam ta dube shi ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Amma da ta ga ya ture abincin rana, ga shi ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa, sai tausayi ya kama ta. Washegari ta naɗa shinkafa a ganyen inabi ta dafa cike da tukunya, ta yafa mayafi ta fita. Da ta dawo ta tsaya a kansa.

"Na gyara maka ɓarnarka. Na ce masa, ɗana, a nan in baƙo ya yaba abinka, sai ka ce nasa ne, ko da ranka ne. Ban ambaci bindiga ba, ban ambace ka ba. Ya gane. Ya ce ranar Asabar zai yi wa dangi abinci. Saura kai, kada ka je ka wawura kamar mayunwaci."

"Ni? Ke Tamam, ni za ki koya wa?"

Ya tsara abinsa tsaf. Tayin farko zai ƙi. Na biyu zai ƙi, har da ɓata fuska. A na uku, in yaro ya haɗa da rantsuwa kamar yadda ake yi, sai ya girgiza kai ya ce to, don dai kada in ja maka kaffara. Ba mai cewa ya karɓe kyauta, tilasta masa aka yi. Har gwadawa ya yi a madubin shago. Ya goge gurbin Wadha a akwati, ya sayo sabon mai, bakinsa ya dawo, masu aski suka ce alhamdu lillahi Abu Nayif ya warke.

Ranar Asabar ɗakin Fawwaz ya cika da mazan da suka ga fitar Wadha, mata suna ciki wajen girki. Likita ya ci da hannu, shinkafa tana zuba ta tsakanin yatsu, amma ya ci. Bayan an wanke hannu, ba wanda ya roƙa, shi da kansa ya buɗe kabad ya kawo ta. Halaf ya karɓa ya turo gangar gefe, ya ɗaga ta wajen haske. Tas take, ko ƙura babu, mai daidai ba yawa. Shi kansa bai fi haka kula da ita ba. Mariƙin ya zauna a tafinsa, ya ji kamar ya tashi da gudu.

Ya miƙa wa mai ita, ya gyara murya. "Tubarkalla. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba."

Fawwaz ya miƙe tsaye. Fuskarsa ta yi fari. Ya tallabo ta da hannu biyu ya miƙo. "Taka ce, Baffa. Ɗauka."

Halaf ya dafa ƙirji, ya kawar da kai yadda ya gwada. "Haba, ɗana. Ta fi kyau a hannun mai ita."

Ya jira tayi na biyu.

Fawwaz ya saki wani dogon numfashi, ya koma ya zauna daɓas, ya rungume Wadha a ƙirji. Tamam ta koya masa tayi, amma ko a mafarki ba ta zaci akwai ɗan Adam da sai an gaya masa ana maimaitawa ba.

"Alhamdu lillahi," in ji shi, yana dariya yana share tabarau. "Wallahi, Baffa, tun da Inna Tamam ta gaya min abinci ba ya wuce min. Na ce shi ke nan, tafiya za ta yi. Ka yafe min, na san bai kamata in nuna ba." Ya dubi mutanen ɗakin. "Baba ya rasu bai bar min komai na garin nan ba sai suna. Da na zo, duk inda na bi sai in ji ana ga Bajamushe, ga Bajamushe. Ranar da Baffa ya ɗauki abin da ya fi so ya ba ni a gabanku, ranar na yarda ina da gida."

Abu Jiryis, wanda ya ga yadda abokinsa ya rame, ya matso ya yi gyaran murya. "Likita, ai tayi sau ɗaya ba tayi ba ne. A nan in ka ce ɗauka aka ƙi, sai ka..."

Halaf ya san abin da ya rage. Ya bar mahauci ya ƙarasa, yaron zai sake miƙewa, zai sake tayi, zai rantse, yau Wadha a akwatinta za ta kwana, kuma babu mai zarginsa. Ya dube ta a ƙirjin ɗan Hazza. Yana son ta, bai taɓa son ta kamar wannan lokacin ba.

"Rufe mana baki, kai mai sayar da ƙashi a sunan nama," in ji shi. "Wa ya sa ka? Yaron nan ya fi ka sanin al'ada." Ya ɗaga murya, wannan karon har ta fi ta kullum. "Ku shaida, jama'a. Na rantse da auren Ummu Nayif, bindigar nan ba za ta sake kwana a gidana ba."

Wannan rantsuwa ba ta da kaffara, in ya karya ta aurensa ya mutu, kowa a ɗakin ya sani. Tsohon nan mai carbi ya ce Allahu akbar. Daga ciki aka ji ludayi ya faɗi a kan tire, sai ga muryar Tamam ta ratso labule.

"Abu Nayif! Ni na dafa ganyen inabi, ni na taka har gidan nan, kuma da aurena za ka biya?"

Ɗaki ya kece da dariya. Abu Jiryis ya kifa kai a kafaɗar na kusa da shi. Halaf ma ya yi, sosai, ko da yake ƙirjinsa ciwo yake yi, kuma ya san zai daɗe yana yi.

Fawwaz ya dubi wannan ya dubi wancan, bai gane abin da ya faru ba. Ya sunkuyo kusa da baffansa ya yi ƙasa da murya, don kada ya sake yin kuskure a gaban mutane.

"Baffa, wannan ma akwai abin da ya kamata in ce?"

Halaf ya ɗora masa hannu a ƙeya, ya ɗan jijjiga shi.

"A'a, ɗana. Wannan ba a amsa ta. Je ka kulle abarka, ka zo ka zuba min gahawa."